Ƙishirwar Baba: Kwana Uku a Bakin Gado da Fulas ɗin Ƙanƙara

Sai da na kai kunnena daf da bakin Baba sannan na gane abin da yake faɗa. Ruwa yake nema. Muryar ta dishe, leɓɓansa sun yi fari sun tsattsage kamar ƙasar fadama a ƙarshen rani, harshen ma da ƙyar yake juyawa. Wajen ƙarfe bakwai na safiyar Laraba ne, ba a daɗe da turo shi daga ɗakin tiyata ba. A saman gadon an manna wata 'yar takarda da filasta, an rubuta NPO da jan biro. Nas ɗin da ta manna ta ce mini ma'anarta ita ce kada komai ya bi ta bakinsa, ko ɗigon ruwa, sai likita ya ce. Tana faɗa ta wuce gado na gaba.

Shekarun Baba 74. Ya fi shekara goma yana fama da ƙaba yana ɓoyewa, irin ɓoyon dattawanmu na cikin gari, waɗanda ciwon da ke ƙasan cibiya ba abin da za su faɗa wa 'ya'yansu ba ne. In ta fito sai ya kwanta ya mayar da ita da hannu. Ranar Litinin da dare ta fito ta ƙi komawa. Wayewar garin Talata ya fara amai, ciki ya kumbura ya yi tauri, duk da haka sai bayan magariba ya yarda muka sa shi a adaidaita sahu, muka fita ta Ƙofar Na'isa zuwa wani babban asibiti a nan cikin Kano. Likita ya ce hanji ne ya maƙale a cikin ƙabar har jini ya daina isa gare shi. Aka zura masa roba ta hanci zuwa ciki, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka shiga da shi cikin dare. Sun yanke wajen taƙi ɗaya na hanjin da ya mutu, suka haɗa bakin biyu suka ɗinke.

Da na yi lissafi, ruwan ƙarshe da ya zauna a cikinsa na daren Litinin ne. Sama da awa talatin ke nan. Ga shi watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, fanka tana juyawa amma iskar da take turowa kamar daga bakin murhu.

Wanda bai san Baba ba ba zai san nauyin abin ba. Tun muna yara akwai randa a ƙofar gidanmu, da moɗa ɗaure da igiya, don masu wucewa. Almajirai, 'yan dako, masu tura kura, kowa ya san randar nan. In aka wayi gari babu ruwa a cikinta, ranar sai kowa a gidan ya ji a jikinsa. Baƙo kuwa ba a gama gaisawa da shi sai an dire masa kwanon sha. Mutumin nan ne yau ya riƙe mini gefen riga yana cewa, "Ɗan nan, ko kurɓi ɗaya." Ni kuma ina cewa, "Baba, ka yi haƙuri, likita ya hana." Na faɗi wannan magana a yinin nan har na ji na tsani bakina. Can wajen azahar ya daina roƙo, ya juya fuska bango. Shirun ya fi roƙon ciwo.

Da la'asar masu dubiya suka cika ɗakin. Gwaggo, ƙanwarsa da ke bi masa, ta zo da 'yar robar zamzam da ta ajiye tun dawowarta daga Makka, da rubutu a wata kwalba. Tana ganin bakinsa ta fashe da kuka.

"Ku ji tsoron Allah, yaran nan. Kare ma aka shayar akwai lada, balle ubanku."

"Gwaggo, ga ruwa nan yana shiga ta hannu. Leda ta uku ke nan."

"Ruwan hannu daban, na baki daban. Dubi harshensa. In ta Allah ta kasance, da ƙishirwa za ku bari ya cika?"

Yaya ya ja ta waje yana lallashi. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Mu a wajenmu, wanda ya zo gargara ana ɗiga masa ruwa a baki, kuma babu wanda ke son a ce nasa ya tafi da busasshen maƙogwaro. Tsoron da ke ranta ke nan, kuma yana raina ni ma. Maganarta ta ruwan hannu da ruwan baki kuwa, ashe gaskiya tsantsa ta faɗa, sai daga baya na gane.

Wajen ƙarfe goma na dare, ɗakin ya yi tsit, na fasa bakin fiya wata da haƙori. Na ce a raina kurɓi ɗaya ba zai kashe mutum ba. Na tallafo kansa ke nan sai na ji an ce, "Malam, dakata." Sistar dare ce, wata dattijuwa da ta kusa kai shekarun Ummanmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ledar ta ajiye a kan loka, ta jawo kujera ta zauna, abin da ban ga wani ma'aikaci ya yi ba tun zuwanmu.

Ta ce haɗari biyu ne. Na farko, mutumin da maganin barci bai gama sakinsa ba, ga tsufa, ga roba a maƙogwaro, haɗiyarsa ba ta da ƙarfi. Ruwa zai iya sarƙe shi ya bi hanyar iska ya faɗa huhu, kuma tsoho wani lokaci ko tari ba zai yi ba, sai bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da ciwon huhu. Na biyu, hanjin da aka taɓa yakan yi barci ya daina motsi. Abin da aka zuba sai ya taru a ciki, ya kawo kumburi da amai, yunƙurin aman kuma ya jijjiga sabon ɗinki. Ta nuna mini ledar da ke rataye a ƙarshen robar hancin, da wani koren ruwa a cikinta. "Ka ga wannan? Cikinsa ne yake dawo da abin da ya kasa wucewa. Shi za ka ƙara wa?"

Na ce a'a. Na ce amma Sista, haka za mu zuba masa ido?

Ta ce, "Wa ya ce a zuba masa ido? An hana shi haɗiya ne, ba a hana a jiƙa masa baki ba. Ba ka taɓa kurkure baki kana azumi ba?"

Awa goma sha biyar Baba ya yi cikin azabar da ke da sauƙi tun safe, don kawai babu wanda ya faɗa mana wannan jimla ɗaya. Na san ma'aikatan rana sun yi kaɗan, nas biyu na gani a kan ɗaki cike da gadaje, suna gudu tsakanin allura da wankin ciwo. Amma takardar da aka manna ta faɗi abin da aka hana, ba ta faɗi abin da aka halatta ba, ni kuma ban tambaya ba saboda ina ganin tambaya kamar jayayya ce da masu aiki. Wannan na riƙe shi a raina.

Ga yadda ta koya mini, kuma haka na yi ta yi har kwana uku. Ta sa na wanke hannu da sabulu. Muka murɗa gadon muka ɗaga kansa har ya zama kamar a kishingiɗe. Kafin komai ya taɓa bakinsa sai ta gwada shi. "Baba, ina muke yanzu?" Ya ce asibiti. "Wane ne wannan?" Ya faɗi sunana. Ta ce ya yi tari, ta dafe masa wajen ɗinkin da matashi, ya yi, ko da yake da ƙyar. Ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa ta ce ya haɗiyi yawu, ta jira har ta ji ƙashin ya hau ya sauko. Ta tambaye shi ko zuciyarsa na tashi, ya girgiza kai. Ta ce duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, in yana gyangyaɗi ko ba ya gane mutane ko yana jin amai, to leɓe kawai za a shafa, kada a wuce nan.

Sai ta naɗe ƙyallen bandeji mai tsabta a yatsa, ta tsoma a ruwa mai sanyi, ta matse har ya daina ɗiga. Ta fara da leɓe, ta bi dasashi sama da ƙasa, ta shiga cikin kumatu, sannan harshe, daga tsakiya zuwa gaba don kada ta taɓo can ciki ta tayar masa da amai. Wani farin abu mai kauri ya fito a kan ƙyallen, ta sake sabo. Baba ya kama ƙyallen da leɓe yana tsotsa kamar jariri. Na kau da kai. Daga nan ta ba shi ruwa cokalin shayi biyu ta ce, "Baba, irin na alwala a watan azumi. Ka kurkure ka tofar." Ta tara masa 'yar tasa. Ya kurkure, ya tofar, ya sake. Dattijon da ya yi azumi sama da shekara sittin ba ya bukatar a koya masa yadda ake riƙe ruwa a baki ba a haɗiye ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan." Cikakkiyar magana ta farko ke nan da ya yi tun azahar.

Na ɗauko basilin zan shafa masa a leɓe ta hana. Ta ce muddin robar iskar oksijin tana fuskarsa, babu mai ko wane iri, har man kaɗanya, domin mai da oksijin abokan wuta ne. Sai da aka cire iskar washegari sannan muka fara shafa man kaɗanya. Shi ma goro da ya roƙa, ta ce ya jira.

Kafin ta tashi ta ce in likitoci sun zo zagayen safe in tambaye su ko za a iya ba shi ƙanƙara. "Kada ka ji nauyi. Ka ce ƙishirwa ta dame shi, ka ce ni na ce ka tambaya."

Na tambaya. Babban likitan ya ɗora abin sauraronsa a cikin Baba, ya duba ledar hancin, ya ce hanjin bai farka ba tukuna, sha dai babu. Amma ƙanƙara ya yarda: gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ko biyu, duk rabin awa, a bari ta narke a kan harshe, kuma in riƙa rubutawa. Ya ce ɗan abin da zai gangara ciki robar za ta janye shi.

Neman ƙanƙara mai tsabta a Kano cikin bazara kuma wani aiki ne. A bakin asibiti akwai masu sayar da ta bulo, wadda ake fasawa a zuba a kular lemo. Sista ta riga ta gargaɗe ni a kanta, domin ba a san ruwan da aka daskarar ba, ga ta a kan buhu a ƙasa. Na zaga shaguna neman fiya watan da ya daskare, duk wanda na taɓa sanyi ne kawai, an kwana ba wuta. Daga ƙarshe maiɗakina ce ta warware. Maƙwabtanmu a Ɗorayi suna da firjin sola. Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta ƙulla a ƙananan ledoji sababbi, ta kai. Bayan azahar ƙanina ya kawo su a babur ɗinsa cikin fulas ɗin shayi mai faɗin baki, an naɗe shi da tawul. Fulas ɗin nan yakan riƙe ƙanƙara daga azahar har tsakar dare in ba a yawan buɗewa.

Na fasa ledar da bayan cokali, na zaɓi gutsure marar kaifi, na gwada Baba kamar yadda aka koya mini, na ɗora masa a harshe. Ya rufe baki ya rufe ido. Ina kallon muƙamuƙinsa yana motsi a hankali. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Da ta narke ya ce, "Alhamdu lillahi. Kai, ashe ruwa haka yake."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin. Cokalin shayi mililita 5 ne, gutsuren nan in ya narke bai kai rabin cokali ba. Ledar fiya wata ɗaya mililita 500 ce. A yini guda cur Baba bai sha rabin leda ba, amma ya samu barci, ya daina kai hannu kan robar hanci, har ya tambayi labarin kasuwa.

Wata ƙaramar likita ta so ta riƙa auna ƙishirwar, ta ce ya faɗi lamba daga sifili zuwa goma. Baba ya dube ta ya ce shi bai iya auna ƙishirwa da lamba ba. Sai ya kawo nasa ma'aunin. Ya ce ta jiya irin ta la'asar sakaliya ce a azumin bazara, lokacin da mutum ke kallon rana yana jin ta ƙi faɗuwa. Ta yanzu kuwa irin ta hantsi ce, ana ji amma ana harkoki. Likitar ta yi murmushi ta rubuta. Daga nan da shi muke aiki. In na ce, "Baba, ina muke?" ya ce azahar, na san lokacin ƙanƙara ya yi. In ya ce hantsi, sai in shafa leɓe kawai in bar shi ya huta.

Dare a asibiti yana da tsawo, a nan na riƙa karatu a waya, in wani abu ya shige mini duhu in tambayi ƙaramar likitar da safe. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta Gwaggo: me ya sa mutum zai sha leda bayan leda ta jijiya amma ƙishirwa ba ta tafi ba? Ashe ƙishirwa ƙofa biyu gare ta. Akwai wadda ƙwaƙwalwa ke ji in ruwan jiki ya ragu ko gishirin jini ya yi yawa, wannan ƙarin ruwa yana maganinta. Akwai kuma wadda baki da maƙogwaro ke kai ƙara. Lafiyayyen mutum yana samar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Wasu magungunan da ake bayarwa a ɗakin tiyata suna tsayar da yawun, masu kashe zafi masu ƙarfi su ma suna busar da baki, robar hanci tana tilasta numfashi ta baki, iskar oksijin kuma busasshiya ce. Duk sun haɗu a kan Baba. Bakin yana ta kuka, ruwan jijiya bai san yana yi ba.

Sirrin ƙanƙarar kuma sanyinta ne. A cikin baki akwai jijiyoyi masu jin sanyi, in sanyi ya taɓa su sai su aika wa ƙwaƙwalwa cewa an sha, tun ruwan bai kai ciki ba. Shi ya sa kurɓi ɗaya na ruwan randa ya fi kofi guda na ruwan da ya yini a rana. Masana biyu a Amurka, David Julius da Ardem Patapoutian, kowanne da tawagarsa, sun gano wannan majiyar sanyi a 2002, kuma da sinadarin da ke cikin na'a-na'a suka gano ta, domin shi ma yana taɓa ta kamar yadda sanyi ke yi. A 2021 aka ba su kyautar Nobel kan binciken yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa. Na kuma ga ma'aikatan jinya a jami'ar Londrina da ke Burazil sun daɗe suna nazarin ƙishirwar bayan tiyata, suna ba marasa lafiya 'yar ƙanƙara ta mililita 10, kuma sharuɗɗan da suka gindaya kafin a bayar su ne a tabbatar mutum ya farka sosai, yana iya tari da haɗiya, ba ya jin amai. Daidai abin da Sistar dare ta yi da yatsu biyu, ba takarda a hannunta. Da na nemi izini, likita ya yarda, sai maiɗakina ta jiƙa ganyen na'a-na'a kaɗan a ruwan zafi, ta tace, ta daskarar. Baba ya fi son wannan, ya ce sanyin ya fi daɗewa a baki.

Ba ƙanƙara kaɗai ba ce aikin mai jinya. An sa ni lura da ledar fitsari. Likita ya ce abin da suke so shi ne aƙalla rabin mililita a kan kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya, Baba kuma kilo 60 ne, wato mililita 30 ke nan duk awa. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da ya shiga, gefe ɗaya abin da ya fita. Ranar farko fitsarin kamar baƙin shayi yake, a hankali ya yi ta washewa. Likitan ya kuma ja mini kunne kada in taɓa maƙunnin ƙarin ruwan don ya yi sauri, kamar yadda wasu masu jinya ke yi in sun ga leda ta daɗe. Zuciyar tsoho da ƙodarsa ba sa ɗaukar ambaliya, ruwan zai iya taruwa a huhu.

Daren Alhamis Baba ya rikice. Ya riƙa kiran yayansa da ya rasu shekaru da dama, yana cewa a rufe rumfa hadari ya taso, yana fizgar roba. Wani mai jinya a gefe ya ce mini a nemi malami, iska ce. Likitan dare ya ce wannan ruɗewa takan sami tsofaffi bayan aiki, zafin ciwo da rashin barci da magunguna da ƙarancin ruwa ko zazzaɓi duk suna kawo ta. Ya duba shi, ya ɗebi jini, ya gyara ruwan. A daren ban ba shi ƙanƙara ba ko ɗaya, tunda bai gane ni ba. Leɓe kawai na yi ta shafawa ina masa addu'a a kunne. Da asuba ya dawo hayyacinsa, ya nemi a kawo masa dutsen taimama.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo da ke jiran aikin mafitsara, wanda aka sa wa rana tun da wuri. An ce kada ya ci kada ya sha daga sha biyun dare. Ya zauna har bayan azahar, sannan aka ce an ɗaga sai gobe. Ɗansa ya kusa kuka. Na tambayi ƙaramar likitar, ta ce tsoron amai ya faɗa huhu lokacin da mutum ke cikin maganin barci tsoro ne na gaskiya, wani likitan Amurka mai suna Curtis Mendelson ya bayyana shi tun 1946 a kan mata masu haihuwa. Amma ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar a 1999 ita ce awa 6 ga abinci marar nauyi, awa 2 ga ruwa zalla, ga wanda cikinsa ke aiki lafiya. Ta ce irin Baba mai toshewar hanji ba ya cikin wannan, kuma ko wane ne sai likitansa ya yanke. Na faɗa wa ɗan dattijon ya tambayi mai sa barcin kai tsaye har ƙarfe nawa babansa zai iya shan ruwa. Ya tambaya, aka ba shi lokaci. Bayan an yi aikin kuma na raba ƙanƙararmu biyu, da izinin nas.

Safiyar Asabar likita ya tambayi Baba ko ya fitar da iska. Baba ya dubi silin ya yi shiru, domin ina tsaye. Na gane, na fita baranda. Da na dawo na tarar ana zare robar hancin. Likita ya ce a fara da mililita 30 duk awa, cokali shida ke nan, a zaune, a hankali, in ya yi tari ko muryarsa ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro a tsaya a kira nas. Na kira Gwaggo a waya na ce ta taho da robarta. Ita ta ba shi da hannunta. Ya fuskanci gabas iya yadda gadon ya bari, ya yi bisimilla, ya kurɓa sau uku. Gwaggo tana ba shi tana sharar hawaye da gefen mayafi, ba ta ce mini komai ba, sai da za ta tafi ta dafa kaina. Washegari aka ƙara da ruwan shayi, sannan koko mai ruwa-ruwa. Kwana tara muka yi aka sallame mu.

Na ɗauka an gama da zancen ruwa. Ashe juyawa zai yi. Da muka koma gida, mutumin da ya yi kwana uku yana roƙon kurɓi sai ga shi yana yini bai nemi ruwa ba. In an kawo ya ce ba ya jin ƙishirwa. Kuma da gaske yake. Ranar da muka koma cire zare likita ya ce haka tsufa yake: jin ƙishirwa yana dushewa, ƙoda ba ta riƙe ruwa kamar da, ruwan jikin ma da ke wajen kashi 60 cikin 100 a matashi yakan sauko kusan kashi 50. Tsoho zai iya bushewa bai sani ba. Ga Baba kuma akwai ƙarin dalilin da bai faɗa wa likita ba, ni na sani: ba ya son yawan tashi bayan gida da ciwo a ciki, ba ya son alwalarsa ta riƙa karyewa. Likita ya ce rashin sha zai kawo taurin bayan gida, yunƙuri kuma shi ne babban abokin gabar ɗinkin ƙaba. Ya duba zuciya da ƙoda ya ce lafiya lau, don haka a nemi lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, har da koko da shayi da romo, a ƙara in zafi ya tsananta.

Muka ɗaura shan da salla. Moɗa ɗaya bayan kowace salla, ta isha'i rabi don ya samu barci, sauran kuma wajen cin abinci. Ni in na kawo yakan ce in ajiye zai sha, in dawo in tarar da shi yadda na bari. Yaya ma haka. Sai muka ba 'yata aikin, mai shekara shida, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, don haka ba ya iya yi mata musu.

Jiya bayan magariba ina zaure na ji su. Ta ɗebo daga randar tsakar gida, ta riƙo moɗar da hannu biyu tana tafiya a hankali kada ya zube.

"Alhaji, ga ruwanka."

"Uwata, ajiye nan, ba na jin ƙishirwa."

"A'a, sai ka sha zan tafi."

Ta tsaya a kansa. Ya ajiye carbi, ya karɓa, ya shanye, ya kifa moɗar ya nuna mata babu saura.